Dariyar da Na Yi a Gindin Shallal

Hauwa, hoton nan da kika sa wa gilashi kika rataya a falonki na Aziziyya, da shi zan fara. Ke da Umar da Amina duk kun san shi: ni ne tsaye cikin wata jibgegiyar rigar sanyi da ba tawa ba, haƙora a waje, bayana farin ruwa yana zubowa daga kan dutse. Kin ce kina son sa ne domin shi kaɗai ne hoton da kika taɓa ganin Baba yana dariya. Ranar da kika lura da 'yan jajayen lambobin da kyamara ta buga a gefensa, kika gane ranar rasuwar mahaifiyarku ce, kin rungume shi kina kuka kina cewa da Larabcinki, miskin Baba, bai sani ba. Ina zaune ina jin ki, na yi gum. To, yau na gaji da shirun. Na sani. Lokacin da aka ɗauki hoton nan ban yi minti goma da jin mutuwar Binta ba. Da Hausa na rubuta muku domin da ita abin ya same ni. Inda ta yi muku tauri ku kai wa Malam Idi ya warware muku, shi ma yana cikin labarin.

Sai kun san irin zaman da muke yi a lokacin sannan za ku gane sauran. Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama, direba ne a gidan Abu Faisal a unguwar Abhur ta Jidda, shekara goma sha huɗu ina jan motarsa. Mahaifiyarku ba ta da ko guntuwar takarda. Umra ta zo da fasfonta na Najeriya ta zauna, kamar yadda mata da yawa suka yi, ni kuma na kama mata ɗaki a wani tsohon gida cikin lungun Balad, irin mai tagar katako da ke kuka in iska ta taso daga teku. Iƙamar direban gida ba ta ɗaukar iyali, ɓoye marar takarda kuwa laifi ne da ke kai mutum tarhil, gidan da ake tara mutane kafin a kwashe su zuwa ƙasarsu. Saboda haka a wurin Abu Faisal, matata da 'ya'yana suna can Gumel. Duk sallah sai matarsa ta haɗa mini ƙunshin kayan yara ta ce in aika Najeriya, in durƙusa in yi godiya, in hau tasi in kai su Balad. Kun sa kayan nan kun yi yawon sallah da su. Ƙarya ce na shuka da hannuna ina ba ta ruwa, ban taɓa zama na yi tunanin abin da za ta haifa ba.

Ɗakin da ke kallon namu na Rakiya ne, wadda kuka tashi kuna kira Inna. Amma ba Innar da kuka sani ba ce. Ku kun san wata tsohuwa matsoraciya, wadda ko ƙarar mota ta ji a bakin lungu sai ta shige bayan labule, har Umar ya raɗa mata Ummu Sitara, uwar labule, kuna ta dariya ita ma tana taya ku. Ni na san Rakiya 'yar Damagaram, bazawara mai iƙama tsaf, mai shara a wata makarantar 'yan mata, tana goge azuzuwa tana dafa wa malamai shayi. Doguwa ce, muryarta tun daga bakin lungu ake jin ta, in tana tafiya tsakiyar titi take bi. Duk bayan shekara biyu sai ta cika akwatuna ta tafi ganin tsohuwarta. Ita ta karɓi haihuwarku ku ukun a ɗaki, don asibiti ba wurin zuwan Binta ba ne. Ni kuwa ba ta da abin wasa sai ni, saboda sai ranar Alhamis nake samun zuwa gida.

"Maraba da mijin Alhamis," haka take tare ni. "Baban Hauwa, in ka ƙara yin latti wallahi zan ɗaura mata aure da mai gyaran kandishan, shi kullum yana nan."

A bazarar shekarar da wayar jawwal, wato salula, ta fara shiga hannun masu kuɗi, Abu Faisal ya ce zai kai iyalinsa hutu Suwizalan, sati uku, kuma da ni za a tafi. Ba don tuƙi kaɗai ba. Mahaifinsa, wanda kowa a gidan ke kira Sidi, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma tsohon ya rantse ba mai ɗaga shi daga keke ko ya kai shi banɗaki sai Sulaiman, wato ni. A daidai lokacin Binta tana fama da wani ciwo a gefen cikinta na dama, ya zo ya tafi, ta sha jiƙo ta haɗa da ƙwayar da Malam Idi ke sayo mata. Na ce mata zan ƙi zuwa. Tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni.

"Ka ce masa me, Malam? Matarka ta Gumel ba ta da lafiya a Balad?"

Ta yi dariya har sai da ta dafe gefen cikin.

"Je ka abinka. Ni da ciwon nan mun saba. Ka dai kawo mini ruwan ƙasar, an ce nasu daga ƙanƙara yake narkowa. Na gaji da wannan na teku da aka cire wa gishiri, ko randa guda ka sha ƙishirwar tana nan."

Kafin in tafi na tsaya a ƙofar Rakiya na roƙe ta, in jikin ya matsa ta kai Binta asibiti da iƙamarta. Ba baƙon abu ba ne a lungunmu. Mace ta ja niƙabi, a miƙa takarda ta taga, mai rubutu ba ya cewa a ɗaga fuska, in ma an ɗaga duk baƙaƙen mata ɗaya ne a idonsa. Rakiya ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Wannan har sai ka roƙa? Iƙamar nan ta kai mata biyar asibiti ta dawo da su. Ta fi ni sanin hanya."

Ku riƙe wannan da kyau: ni na roƙa, ba ita ta yi tayi ba. An ce zanen aro ba ya rufe katara, na san karin maganar tun ina yaro, amma ranar ban tuna da ita ba. Na rubuta lambar jawwal ɗin Abu Faisal na ba Malam Idi, ƙanin Rakiya, wanda a lokacin dako yake yi a kasuwar Balad. Na ce kada ya kira sai in wuta ta kama, in ya kira kuma ya ce shi ƙanina ne.

Ni ɗan Gumel ne, ƙasar rairayi, inda tudun da ya fi kowanne tsawo jaki ke hawansa bai yi nishi ba. Daga nan kuma sai Jidda. Saboda haka ƙasar nan ta ruɗa ni. Ko'ina kore, shanu da ƙararrawa a wuya, ana tsakiyar bazara amma hannu yana ƙagewa. Kwana goma muka yi ina tuƙa su a motar haya mai faɗi, ina ɗaga Sidi ina sauke shi. A rana ta goma, da hantsi, muka shiga wani kwari tsakanin duwatsu biyu, hanya tana bin gefen rafi. Muna karya wata kwana Sidi ya buga gilashin mota da hannunsa mai lafiya.

"Waggif, ya Sulaiman! Tsaya! Shallal!"

Shallal, haka suke kiran ruwan da ke faɗowa daga kan dutse. Tun daga kan titi ake ganin sa, ba sai an sauka ba. Na tsayar da mota a gefe na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Da za a ɗora dogayen benayen bakin tekun Jidda guda uku, wani kan wani, ban jin za su kai inda ruwan ke fitowa. Can sama kuwa, bayan bakin dutsen, ga wani fari fat ya cika tsakanin ƙwanƙolai biyu. Wani dattijo mai tsaron wurin ajiye motoci ya yi wa Abu Faisal bayani, shi kuma ya juya mana: wai ƙanƙara ce kwance a can tun kafin kakannin kakanninmu, ba ta taɓa ƙarewa ba, in bazara ta yi sai ta riƙa narkewa ta ƙasa, shi ne wannan ruwan. Saboda nisan faɗowar, kafin ya iso ƙasa rabinsa ya zama hayaƙi, iska tana kaɗa shi tana watsa wa mutane. Ƙararsa kuwa a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na yi ta subhanallahi, na ce a raina da ma Binta tana nan ta ga inda Allah yake zubar da ruwan daɗi dare da rana babu mai tara ko bokiti, ita da ke jiran tankar ruwa kwana uku.

Na tura keken Sidi har bakin shingen ƙarfe, na lulluɓe masa ƙafafu, sannan na ɗauki gorar roba na gangara rafin. Ruwan ba garau yake ba, launinsa kamar wanda aka wanke shinkafa da shi. Na tsoma gorar, kafin ta cika yatsuna sun mutu. Na kurɓa, haƙorana suka amsa. Na rufe murfin ke nan ina murna na cika alkawari, sai na hango Abu Faisal yana ɗaga mini jawwal yana yafito ni.

"Akhuk ne, ƙaninka, daga Jidda. Yalla, yi sauri, kiran nan tsada gare shi."

Ya miƙo mini, ya tsaya a gefena hannunsa a buɗe yana jira. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Yaya Sule," in ji Malam Idi, "ka yi haƙuri. Ka yi haƙuri. Binta lokaci ya yi."

Ya ce jiya da safe ta faɗi, suka kai ta da iƙamar Rakiya, aka yi mata aiki, aka tarar hanji ya riga ya fashe. Ta cika bayan fitowar rana. Kafin in buɗe baki ya ci gaba, yana magana da sauri kamar wanda ake bi.

"Ba shi kaɗai ya sa na kira ba. Sun rubuta takardar mutuwa, sunan Yaya Rakiya ne a kai. Ga ni a bakin taga, jira suke in sa hannu a matsayin ƙanin mamaciya. In na sa, su ba mu gawa mu sallace ta da la'asar. In na faɗi gaskiya, 'yan sanda za su kira. Gawa ta shiga firji sai an gama bincike, wata nawa Allah kaɗai ya sani. Su kama Yaya, su tambayi inda marigayiya take zaune, su je su tarar da yara. Yaya ta ce kai ne mijin gawa, abin da ka ce shi za a yi. Ga ta."

Na ji an karɓi wayar. Muryar da ake ji tun daga bakin lungu, ranar sai da na danna wayar a kunne sannan na kama ta.

"Baban Hauwa, ba ni da ta cewa. Binta 'yar'uwata ce, yaran nan nawa ne. Sai dai sunan nan shi kaɗai gare ni."

Na ji abin da take roƙo. Kada wani cikinku ya yi mini uzuri da ƙarar ruwa, na ji sarai. So take in ce a dakata, a nemi wani babba a unguwa, a sake shawara ko ta awa ɗaya ce. Wanda aka rubuta ya mutu, iƙamarsa ta mutu, aikinsa ya mutu, fasfonsa ya zama takardar banza. Na san wannan, ita ma ta sani.

Abin da ya fara taso mini shi ne abin da ke taso wa kowane Musulmi, innalillahi. Ya zo har bakina na haɗiye shi, domin Larabci ne, ga Abu Faisal kafaɗarsa tana gogar tawa. Hausa ba ya ji, amma wannan zai ji. Kuma ba muguntarsa nake tsoro ba, kirkinsa nake tsoro. Lokacin da mahaifin kukun gidan ya rasu, a ranar ya yankar masa tikiti. Da na ce matata ta rasu, da daga can zai sa ni a jirgin Kano in je in yi zaman makoki a Gumel, ku kuma kuna Balad, babbarku shekara tara, ƙaramarku ba ta daɗe da yaye ba. Na tuna Binta cikin firji, ita da ko fanka ba ta so. Na tuna ku a bayan motar tarhil. Rakiya ce kaɗai ban tsaya na tuna ba, alhali ita ce a kan waya.

"Ku sa hannu," na ce.

Na miƙa wa Abu Faisal wayarsa.

"Khair?" ya tambaya. Lafiya dai?

"Khair, ya ammi. Maganar gonar gida ce."

Ya yi tsaki, ya ce a kan gona ake kiran mutum har Turai. Daidai nan Nuha, autarsa, ta rugo da kyamara ta ja hannun rigata.

"Ammu Sulaiman, tsaya nan, shallal ya fito a bayanka. Idhak! Yi dariya mana!"

Na yi. Shekara goma sha huɗu ina koyon dariyar nan, in an tashe ni daga barci, in an zage ni a kan cunkoson da ba ni na haɗa ba, in an manta da ni a mota ana cin abinci. Fuskata ta iya aikinta ko ba na nan. Feshin ruwan ya jiƙa fuskar kowa, don haka babu wanda ya ga wani abu a tawa. In kin duba hannuna na hagu a hoton, Hauwa, za ki ga gorar.

Na ce musu zan yi alwala. Na bi wata 'yar hanya mai santsi na hau har gindin ruwan, inda ba ka jin muryar kanka. A nan na saki innalillahin da na haɗiye, da ƙarfi, har maƙogwarona ya yi zafi. Na kira sunan Binta. Wasu Turawa biyu cikin rigar ruwa suka wuce ni suna murmushi, sun ɗauka murna nake. Na jiƙe sharkaf, na sauko, na ɗaga Sidi na sa shi a mota. Agogona ban taɓa juya shi daga lokacin Jidda ba. Da ya nuna la'asar, lokacin da ake saka mahaifiyarku a rami, ina ja da baya ne in gyara tsayuwa a ƙofar shagon cakulan. Abin da ya fi ci mini rai, sabon masaukinmu a kan hanyar nan yake. Kwana goma sha ɗaya suka rage, kullum safe da yamma sai mun wuce ta gaban shallal ɗin, kullum sai yara sun manne a gilashi suna shuf, shuf, duba. Ni titi nake kallo, amma ƙarar tana shigowa ko gilashi a rufe. Har yau in an bar famfo yana zuba a banɗaki sai na tashi na kashe, kun sha cewa rowar ruwa gare ni.

Ranar Alhamis ɗin da na iso Balad, ɗakin Rakiya da kwaɗo. Na same ta a namu, Amina a bayanta, tana yi wa Hauwa kitso. Ta rame har wuyanta ya fito. Na durƙusa a bakin ƙofa na rasa ta inda zan fara, ita ce ta yi mini ta'aziyya. Daga baya Malam Idi ya ba ni labarin abin da ya faru a rana ta uku. Shugabar makarantar da malamai huɗu sun zo gaisuwar mutuwar Rakiya, da tiren shinkafa da nama. Da aka hango su ta haura soro ta laɓe bayan tankin ruwa, cikin zafin rana, tana jin su ta tagar bene suna kuka suna yabon amanarta da shayinta. Awa biyu suka yi. Da na yi mata maganar sai ta yi 'yar dariya.

"Ashe haka ake so na a wurin nan. Da na sani da tuni na nemi ƙarin albashi."

Washegari Juma'a muka tafi maƙabarta, ni da Malam Idi. Rakiya ta ce sai ta bi mu. Mata ba sa shiga, kun sani, don haka ta tsaya a waje jikin katanga, cikin 'yar inuwa, ta ja niƙabi. Kaburburan ƙasar nan ba a rubuta musu suna, dutse ne a kai da dutse a ƙafa, sai lamba, sunaye suna cikin littafin mai gadi. Ya buɗe littafin ya ce wa muke nema. Bakina ya riga ni, na ce Binta. Ya bi layi da yatsa, ya juya shafi, ya ce babu. Malam Idi ya taka mini ƙafa. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa ina hango Rakiya tsaye tana gyara mayafi. Na faɗi sunanta da na mahaifinta. Nan take ya samu, ya ce Allah ya jiƙanta, ya nuna mana layi. Na tsuguna a gaban tudun ƙasar, na buɗe gorar da na ɗauko tun daga gindin dutsen nan. Ruwan ya yi ɗumi a hanya, farin garin da ke cikinsa ya kwanta a ƙasan gora. Na juye mata shi duka, ƙasa ta shanye kafin in miƙe. Da muka fito Rakiya ta dube ni.

"Ka kai mata ruwan?"

Na ce na kai.

"To madalla. Yaya kabarin nawa, da inuwa?"

Malam Idi ya juya baya yana kuka. Ni ko kukan ban samu ba.

Za ku ce me ya hana ta miƙa kanta tarhil a mayar da ita gida. Tana iyawa, na ma faɗa mata. Ta ce in ta tafi wa zai riƙe ku, mijin Alhamis? Ta ce bari Amina ta yi wayo tukuna. Ta riƙa yi wa tsohuwarta magana a kaset tana ba alhazai, tana cewa aiki ne ya yi yawa, baɗi tana tafe. A shekara ta uku tsohuwar ta rasu, daga nan ba ta ƙara ambaton Damagaram ba. Mai tafiya tsakiyar titi ta koma ko bakin lungu ba ta zuwa, domin in aka tare ta aka tambayi sunanta, ba ta da wanda za ta faɗa da ba zai jawo mu duka ba. Na nemi aurenta, ba sau ɗaya ba. Ta ce wane limami zai ɗaura wa matacciya aure. Da na matsa sai ta daina wasan, ta ce in bar ta ta riƙe 'ya'yan 'yar'uwarta, kada in biya ta da sadaki.

Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar. Ranar bikinki ne, Hauwa. Kin tuna ba ta zo zauren biki ba, kika yi wata biyu ba ki gaishe ta ba, kika ce da ita ta haife ki da ta zo. A makon nan an kafa shingen duba takardu a kan hanyar. Na dawo ɗaukar wani kaya da yamma na same ta zaune a bakin gado, ta sha lalle hannu da ƙafa, ta ɗaura ɗinkin bikin, har da turare, ba inda za ta. Ba ta dube ni ba ta yi tambayar.

"Baban Hauwa, ranar nan, ka ko yi tunani kafin ka ce a sa hannu?"

Na ce mata gaskiya, ban kai ƙirga uku ba.

"Na sani," ta ce. "Ina kan wayar."

Sai ta ce in yi sauri kada amarya ta neme ni. Na so ta zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ban ce da an faɗi gaskiya da abin ya fi kyau ba, wataƙila da ya fi muni, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne matar nan ta ba ni aron sunanta na kwana ɗaya, na kashe shi ban ko ce mata ki yafe ni ba, kuma na bar ku kuka girma kuna yi mata kallon matsoraciya domin in tsira da mutuncina a idonku.

Bara da ta rasu a ɗakin nan, kuna kanta ku ukun, tsohuwar matsalar ta dawo. Ba a binne mutum sai da takarda, kwamfuta kuwa ta ce Rakiya ta mutu shekara goma sha shida da suka wuce, kuma ba a mutuwa sau biyu. Na buɗe akwatina na ɗauko tsohon fasfon Binta, wanda ta zo Umra da shi, mai hotonta tana yarinya. Da shi na samo takarda a ofishin jakadancinmu, a matsayin matata da ta zauna ba izini. Umar, kai ka raka ni, ka ga sunan mahaifiyarka a takardar Inna ka tambaye ni, na ce sai daga baya. To ga bayan ya zo. Kabarin da ke tsohuwar maƙabarta da sunan Rakiya, mahaifiyarku ce a ciki. Wanda muka rufe bara da sunan Binta, Inna ce. In za ku yi addu'a ku haɗa su, don ni kaina in na ɗaga hannu ban san wadda zan fara kira ba. Da mai rubutu ya turo takardar ta taga ya ce wa zai sa hannu, wannan karon ban aiki kowa ba.

Hoton kuma, Hauwa, naki ne, ki bar shi ko ki sauke, amma kada ki ƙara ce mini miskin a gabansa. Ku yafe mini in za ku iya, ita Inna na makara ban roƙa ba. Kai kuma Umar, na ga yadda ka yi kuka ranar jana'izarta kana tuna sunan da ka raɗa mata. Ka daina cin ranka, yaro ne kai, abin da ka gani ka faɗa. Labulen da take shigewa, ni na rataya mata shi.